Baƙon Alheri A Tsibiri: Lada Ya Je Nema Ko Kallo?

 

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a wannan zamani tsakanin samari da 'yan matan ƙasashe masu arziki, har ta soma shiga 'ya'yan Musulmi masu hali. Ita ce mutum ya ɗauki hutunsa, ya hau jirgin sama ya nufi wani tsibiri mai nisa a tsakiyar teku, cikin ƙasashen zafi, ya yi mako biyu ko wata guda yana aikin sa-kai. Wani ya koyar da Turanci a makarantar firamare, wani ya shafa wa asibiti fenti, wani ya dasa itatuwa a bakin gaɓa, wani kuwa ya yi ta wasa da yara a gidan marayu. Da hantsi aiki, da la'asar iyo a teku. In kwanaki suka cika sai ya koma gida, waya cike da hotuna, zuciya kuma ta yi sanyi, yana jin ya sauke wani nauyi.

Asalin abin ba haka yake ba. Sa'ad da aka kafa ƙungiyar VSO a Ingila cikin 1958, waɗansu daga cikin 'yan sa-kanta na farko Sarawak aka tura su, a tsibirin Borneo, kuma zama suka je yi, ba leƙe ba. Haka nan Peace Corps ta Amurka, wadda aka kafa a 1961, wa'adin shekara biyu take ɗora wa mutum, bayan ta koya masa harshen mutanen da zai zauna cikinsu. Daga baya ne 'yan kasuwa suka hango riba a cikin sha'anin, suka gutsuttsura shekara biyun nan ta koma mako biyu, suka haɗa ta da masauki da yawon buɗe ido, suna sayar wa duk mai iya biya.

To, abin tambaya a nan shi ne: wannan tafiya sadaka ce, ko kuwa yawon shaƙatawa ne aka yafa masa mayafin sadaka? Tambayar tana da nauyi, domin kuwa a kan amsarta ake kashe dukiya mai yawa, a kanta kuma ake taɓa rayuwar mutanen da ba a cika jin ta bakinsu ba.

Adalci ya hukunta a fara da abin da ke bayan masu tafiyar, gama suna da hujja. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, sun kuma ce gani ya kori ji. Wanda ya kwana a ƙauyen da jirgin ruwa ba ya zuwa sai sau ɗaya a mako, ya ga yadda mai naƙuda take jiran teku ta lafa kafin a sa ta a kwalekwale, ba zai sake jin labarin tsibiri kamar yadda mai sauraron rediyo yake ji ba. Alƙur'ani mai girma ya yi umarni da tafiya cikin ƙasa domin lura a wurare da dama, kuma aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta bayyana cewa sanin juna shi ne hikimar rarraba mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila. Daɗin daɗawa, addinin kansa da ƙafar matafiya ya shiga tsibirai. Fatake da malamai ne suka kai shi Jawa da Sumatra da Zanzibar da Komoro da Maldibis, har ya zamana Indunusiya, ƙasa mai tsibirai fiye da 17,000, tana ɗauke da Musulmi fiye da miliyan 200. Da kowa ya zauna a gindin bishiyar gidansu, da ba a yi haka ba. Sai dai akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan: waɗancan matafiya sun sauke kaya, sun yi aure, sun koyi harshe, an binne su a can.

Wuri na farko da malamai suke tsayawa a kowane aiki shi ne niyya, kuma a kan irin wannan tafiya akwai wata hikaya da Imamu Gazali ya kawo a cikin Ihya'u, a babin da yake zargin ruɗuwa. Wani mutum ya zo yin ban kwana da Bishirul Hafi, mai zuhudun nan na Bagadaza da ya rasu a shekara ta 227 bayan Hijira, ya gaya masa zai tafi aikin hajji na nafila, ya tanadi dirhami 2,000 na guzuri. Bishiru ya tambaye shi abin da yake nema da wannan tafiya, ya ce yardar Allah. Sai Bishiru ya nuna masa hanyar da zai sami yardar yana zaune a gida: ya raba kuɗin ga mutum goma, cikinsu har da wanda bashi ya yi wa katutu, da mai iyali da ya rasa abin ciyarwa, da mai riƙon maraya. Mutumin ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi dai tafiyar ta fi ƙarfi a zuciyarsa. Bishiru ya yi murmushi, domin ya gane cewa ran mutumin ne yake son hanya, ya fake da ibada.

In har an faɗi haka a kan ziyarar Ɗakin Allah, to ina ga ziyarar tsibiri mai farin yashi da itatuwan kwakwa? Lissafin a fili yake. Kuɗin jirgi zuwa da komowa, da na masauki, da ladan kamfanin da ya shirya tafiyar, sau da yawa sun ninka darajar aikin da baƙon zai yi da hannunsa. Bangon ajin da ɗalibin jami'a ya kwana goma yana fama da shi, bai taɓa riƙe cebur ba a rayuwarsa, akwai magini a ƙauyen da zai tayar da shi a kwana biyu, ya fi kyau, ya kuma sami abin kai wa iyalinsa. Watau baƙon ya kashe dukiya mai yawa domin ya yi aikin da bai iya ba, ya kuma hana ɗan gari ladan aikin da ya iya.

Amma hikayar Bishiru ba ta kashe maganar ɗungum ba, kuma bai kamata a ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba. Gaskiya ita ce yawancin masu tafiyar nan, da an hana su, kuɗin ba sadaka za su koma ba. Wani yawon za a yi da su, inda ko talaka ɗaya ba za a gani ba. Kuma niyyar ɗan Adam ba kasafai take zuwa tsantsa ba. Shari'a ta halatta wa alhaji ya yi ciniki a lokacin hajji, kamar yadda aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta nuna, saboda haka jin daɗin tafiya shi kaɗai ba ya rushe lada. Abin da yake rushe shi riya ce, da kuma gori, waɗanda aya ta 264 ta wannan sura ta yi kashedi a kansu. A nan ne na'urar ɗaukar hoto ta zama fitina. Wanda ya ɗauki ɗan talaka mai kumburarren ciki ya rungume, aka ɗauke su, ya watsa wa duniya ba da izinin uwar yaron ba, ya tambayi kansa ko zai yarda baƙo ya yi haka da ɗansa. Muslim ya ruwaito cewa mai kyauta domin a ce masa karimi yana cikin mutane uku na farko da za a yi wa hukunci ranar ƙiyama. Duk da haka zuciya Allah kaɗai ya san ta, ba kuwa aikin kowa ba ne ya zauna yana tona niyyar wani.

Abin da mutane suke iya aunawa shi ne abin da tafiyar ta haifar, kuma a nan maganar ta fi tsanani. Ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani, kuma kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mutum alhakin cutar da ya jawo da sakaci. Mutanen tsibiri kuwa sun fi kowa sanin abin da jirgi yake saukewa ban da kaya. A farkon 1875 jirgin ruwan Ingila mai suna Dido ya komo da Sarki Cakobau na Fiji daga Sidni, tare da mutanensa da suka kamu da baƙon dauro. Ba a tsare jirgin ba. Cikin 'yan watanni mutane wajen 40,000 suka rasu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar ƙasar. Ran 7 ga Nuwamba 1918 wani jirgin, Talune, ya tsaya a Apia ta Samowa ta Yamma da masu murar nan da ta game duniya a wannan shekara, hukumar Niyu Zilan da ke mulkin wurin ta bar su suka sauka. Mutum kamar 8,500 suka halaka, fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Maƙwabciyarta kuwa, Samowar da ke hannun Amurka, gwamnanta ya rufe tashar jiragen ruwa, ko mutum guda murar ba ta kashe ba. Sai a 2002 Niyu Zilan ta nemi gafara.

Mai karatu yana iya cewa waɗannan ai ba 'yan sa-kai ba ne, kuma zamanin ya wuce. To, ga na kusa. A watan Oktoba 2010, watanni tara bayan girgizar ƙasar da ta ragargaza Haiti, cutar kwalara ta ɓarke a ƙasar, bincike kuma ya kai ga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda taimako ya kai su. Kusan mutum 10,000 suka mutu, kuma sai a Disamba 2016 Babban Sakataren Majalisar, Ban Ki-moon, ya ba da haƙuri. A Nuwamba 2018 kuma wani saurayi Ba'amurke ɗan mishan, John Allen Chau, ya biya masunta suka kai shi kusa da tsibirin Sentinel ta Arewa a cikin jerin tsibiran Andaman, inda dokar Indiya ta hana kowa kusanta, domin mutanen wurin sun daɗe a keɓe, jikinsu bai saba da cututtukan waje ba. Suka harbe shi da kibiya. Masuntan da suka kai shi, talakawa masu neman abinci, su 'yan sanda suka kama. Ba a kawo labarinsa domin dariya ba, kuma kada Musulmi mai zafin wa'azi ya ɗauka darasin na wani ne. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya juya da tawagarsa daga Sarag ya fasa shiga Sham saboda annoba, Abdurrahman ɗan Aufu ya ƙarfafa shi da hadisin da ya hana shiga garin annoba ya kuma hana fita daga cikinsa. Hani na biyun nan, kamar yadda waɗansu malamai suka yi sharhi, kariya ce ga mutanen da za a je wa. Ashe mai tafiya ba lafiyar kansa kaɗai zai duba ba.

Ko da baƙo ya zo lafiya lau, yana da baki da ciki. Tsibirai da yawa, musamman ƙanana waɗanda ba su da tudu, ba su da kogi. Ruwan sama suke tarawa a tanki, in damina ta yi jinkiri sai a shiga ƙaƙa-ni-ka-yi. A ƙarshen Satumba 2011 ƙasar Tubalu, wadda jama'arta ba su wuce 11,000 da 'yan kai ba, ta kafa dokar ta-ɓaci saboda ƙarancin ruwan sha, har sai da aka kai mata injunan tace ruwan teku ta jirgin sama. A irin wannan wuri baƙo goma masu wanka safe da yamma ba ƙaramin nauyi ba ne, mai gida kuwa kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Zai yanka kazar da yake tattali, ya ba da tabarmarsa, ya yi ta murmushi. Sunna ta iyakance haƙƙin baƙunci ga kwana uku, ta kuma haramta wa baƙo ya zarce har ya ƙuntata wa mai masaukinsa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Abin mamaki a nan shi ne baƙon yana lissafa kansa cikin masu bayarwa, alhali in aka auna abin da ya ci da abin da ya bari, watakila shi aka yi wa sadaka.

Kayan da ake aikawa ma haka. Bayan guguwar Pam ta auka wa Banuwatu a Maris 2015, kwantenoni fiye da 70 na kayan da ba wanda ya roƙa suka cika tashar jiragen ruwa, cikinsu har da barguna masu kauri da takalman mata masu tsini, a ƙasar da zafi yake hana barci. Watanni suka shuɗe waɗansu suna jibge, kuɗin ajiya yana hawa. A Aceh kuma, bayan ambaliyar teku ta 2004, an tara magunguna na kyauta wajen tan 4,000, yawancinsu da rubutun harsunan da ma'aikatan asibiti ba su iya karantawa, har zubar da su ya zama wani aiki na dabam. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Wurin da abin ya fi ciwo shi ne gidajen marayu. Inda baƙi suke son rungumar maraya, kuma suna biya, to ba a rasa mai samar musu da marayu. An sha gano cewa yara da yawa a irin waɗannan gidaje iyayensu suna nan da rai, talauci ne da alkawarin makaranta suka sa aka raba su. A Janairu 2010 an tsare Amurkawa goma a kan iyakar Haiti suna ƙoƙarin ƙetarewa da yara 33 ba da takardun izini ba, daga baya ta bayyana da yawa daga cikin yaran suna da iyaye. Abin ya kai ga Ostareliya, a dokarta ta 2018 a kan bautar zamani, ta lissafa tara yara a gidajen marayu domin neman kuɗi cikin nau'o'in bauta. Ko a gidan da ba a yi ha'inci ba, yaron da ya shaƙu da baƙuwa yau ta tafi jibi, wata ta zo ta tafi, me ake koya wa zuciyarsa? Kafalar maraya da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mai ita bushara da maƙwabtaka da shi a Aljanna, ɗaukar nauyi ce ta shekaru, da ci da sha da tarbiyya, har yaro ya kawo ƙarfi.

Tushen yawancin wannan ɓarna ɗaya ne, shi ne baƙo ya sauka yana zaton shi ne mai ilmi, mutanen gari kuwa hannu kawai suke da shi na karɓa. Labarin tsibirin Simeulue, a yammacin Sumatra, ya isa ya gyara wannan zato. Ran 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa ta tayar da igiyar teku da ta halaka mutum wajen 230,000 a ƙasashe 14. Simeulue tana daga cikin wuraren da suka fi kusa da cibiyar girgizar, jama'arta kuwa wajen 78,000 ne, amma mutum bakwai kaɗai aka ba da rahoton igiyar ta kashe. Ba su da na'urar gargaɗi. Abin da suke da shi kalma ce, smong, da kakanni suka gadar musu tun wata igiyar da ta cinye su a 1907, suna sa ta a cikin tatsuniya da waƙar reno: in ƙasa ta girgiza, teku ta janye, kada a tsaya tsintar kifi, a gudu tudu. A wurare da yawa masu digiri suka tsaya kallon teku tana janyewa, a Simeulue kuwa tsofaffi da jikoki suka haye duwatsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Malaman mazhabar Maliku sun daɗe da sanin wannan. Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 684 bayan Hijira, ya gargaɗi mai fatawa cewa in mutum ya zo masa daga wata ƙasa kada ya auna shi da al'adar garinsa, sai ya tambayi al'adar garin mai tambaya tukuna. In an ɗora wa mufti wannan sharaɗi, to yaron da ya gama sakandare bara fa? Kuma mutanen Nijeriya sun taɓa ɗanɗana yadda abin yake ga wanda aka zo taimaka. A Oktoba 1961 wata 'yar Peace Corps a Ibadan ta rubuta wa wani nata kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani, katin ya faɗa hannun ɗaliban kwalejin jami'a, suka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar. Abin da ya fusata su shi ne a ce wadda suka karɓa hannu biyu-biyu wannan kaɗai idonta ya gani.

Ga kuma maganar wanda ya fi cancanta. A mazhabar Maliku ana raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da nan, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai in na nesan sun fi tsananin bukata. Sadakar nafila ta fi wannan yalwa, amma ko a cikinta an umarci Abu Ɗalha ya sanya gonarsa ta Bairuha'u a cikin danginsa. Wanda ya tsallake maƙwabcin da ya kwana da yunwa, ya ƙetare teku biyu domin ya ciyar da wani, yana bukatar ya ba kansa amsa. Sai dai togaciyar nan ta mafi tsananin bukata ƙofa ce ta gaske, kuma mutanen tsibirai masu nisa suna shiga ta cikinta sau da yawa, gama nisan kansa talauci ne. Tsibirin da ba shi da likita, ba shi da ungozomar da ta yi karatu, kai masa su farali ne na kifaya a kan masu iko, in kowa ya ƙi kowa ya yi laifi. Gazali ya koka tun a zamaninsa cewa garuruwan Musulmi sun cika da masu zurfafa karatun saɓanin malamai, alhali ba su da likita nasu.

Akwai waɗanda suka shiga ta wannan ƙofa, kuma alamarsu ba ta ɓuya. Dokta Abdurrahman As-Sumaiɗ, likita ɗan Kuwait da aka haifa a 1947, ya karanci cututtukan ƙasashen zafi a Libaful, ya bar jin daɗin ƙasarsa ya yi kusan shekara talatin yana aiki a Afirka ta hanyar ƙungiyar da yanzu ake kira Direct Aid. A ƙarshen rayuwarsa ya tare da iyalinsa a Madagaska cikin ƙabilar Antemoro, mutanen da suke da tsofaffin littattafai da ake kira sorabe, harshensu rubuce da baƙaƙen Larabci kamar ajamin Hausa. Ya rasu a 2013. A wannan shekarar ce wani likitan fiɗa na Indunusiya, Lie Dharmawan, ya ƙaddamar da jirgin ruwa na katako da ya mayar asibiti, yana zagaya tsibirai yana yi wa talakawa fiɗa kyauta. Gaskiya kuma ba ta da ƙabila: Fada Damiyan, ɗan Beljiyam, ya sauka a zangon kutare na tsibirin Molokai a Hawayi cikin 1873, ya zauna yana wanke musu miki yana haƙa musu kabari, har kuturtar ta kama shi ta kashe shi a 1889. Kowannensu ya je da abin da mutanen wurin suka rasa, ya kuma daɗe har suka san halinsa, suka iya gaya masa in ya yi kuskure. Baƙon mako biyu ba a gaya masa. Kafin a gama kunyarsa ya tafi.

Wannan ba ya nufin wanda ba shi da sana'ar likita, ba shi kuma da shekara talatin ta bayarwa, an rufe masa hanya. Tafiya domin ganin ƙasa halal ce muddin ba a haɗa ta da saɓo ba. Ya tafi a matsayin baƙo, ya kira abin da sunansa, ya sauka a masaukin 'yan gari ya biya cikakken kuɗi ba tare da ƙwaron ciniki ba, ya hau kwalekwalensu, ya suturta jikinsa kamar yadda suke so, ya nemi izini kafin hoto. A Maldibis, tun da aka buɗe wurin shaƙatawa na farko a 1972, an daɗe ana keɓe baƙi a tsibiran da ba kowa, sai a wajen 2009 aka yarda 'yan ƙasa su buɗe masaukai a garuruwansu, kuɗin baƙo ya fara shiga aljihun mai gari kai tsaye. Ciniki na gaskiya irin wannan ya fi sadakar da ke mayar da mai lafiya almajiri. In kuma an roƙe shi wani aiki da ya iya, ƙarƙashin jagorancin mutanen wurin, ya yi, lada yana wurin Allah.

Maldibis ɗin nan tana da tsohuwar alaƙa da ƙasar Hausa da ba kowa ya sani ba, domin daga tekunta ake haƙo mafi yawan farin wurin da aka yi ta ciniki da shi a kasuwannin Afirka ta Yamma, har ya zama kuɗin Kano da Katsina. Mashahurin matafiyin nan ɗan Tanja, Ibn Baɗɗuɗa, ya ga wurin a tushensa, ya kuma sake ganinsa a Mali da Gawo shekaru bayan haka, a tafiyar da ta kai shi Takadda cikin 1353. Ya sauka Maldibis a ƙarshen 1343, zamanin Sarauniya Khadija. Shi ba ɗan sa-kai ba ne, amma baƙo ne mai ilmi da ya tarar da mutane masu karamci, Malikawa irinsa a wancan lokaci, suka riƙe shi suka naɗa shi alƙali. Da bakinsa ya ba da labarin yadda ya tsananta: ya sa aka yi wa masu ƙin sallar Juma'a bulala, ya yanke hukuncin yanke hannun ɓarawo har waɗansu da ke zaune a majalisar suka suma, ya yi ƙoƙarin sauya suturar mata bai iya ba, sai dai ya hana su shiga kotunsa in ba su rufe jiki ba. Hukuncin yana cikin littafi, ba mai musun haka. Abin da bai samu ba shi ne lokacin da zai san mutanen, ya bi da su mataki-mataki kamar yadda aka yi wa Mu'azu wasiyya ranar da aka aike shi Yaman. Ya auri mata huɗu daga manyan gidaje, ya shiga rigimar fada, ya ɓata da waziri, bai cika shekara ba ya ajiye alƙalanci ya hau jirgi. Da ya isa gaɓar Indiya har ya zauna da sarkin Ma'abar suna shawarar tura rundunar jiragen ruwa a ci tsibiran da suka ba shi masauki. Shirin bai tabbata ba.

Daga baya ya sami labarin ɗaya daga cikin matan da ya saki ta haifa masa ɗa namiji, sai ya komo domin ya ɗauke shi. Aka kawo masa yaron, ya dube shi, ya ga zamansa wurin uwarsa ya fi masa alheri, ya mayar da shi. Kwana biyar ya yi a wannan zuwa, sa'an nan ya shiga jirgi ya nufi Bangala.